Hoto da Kyamara: Tsakanin Jin Daɗin Ɗauka da Ɗawainiyar Gwajin Kaya a Dagauda da Azare

Ɗaukar hoto sana'a ce ga wasu, sha'awa ce ga wasu, ga mafi yawan mutane a yau kuwa abu ne da ake yi da wayar da ke aljihu ba tare da dogon tunani ba. A Dagauda da ke ƙaramar hukumar Dambam ta jihar Bauchi, da Azare hedikwatar masarautar Katagum, duk rukunan nan uku suna nan. Akwai mai shagon hoto da ke cin abinci da hoton fasfo da na biki, akwai saurayin da ya yi adashi ya sayi kyamara ta hannu don kawai abin yana burge shi, sannan ga sauran jama'a masu riƙe da Tecno da Infinix da Itel. A tsakanin masu sana'ar da masu sha'awar akwai wata ɗabi'a da ta bazu tun da intanet ta shigo hannun kowa, wato shagala da kayan ɗaukar hoto fiye da hoton kansa. Mai wannan ɗabi'a ya san lambar kowace sabuwar kyamara da farashinta da abin da masu gwaji suka ce a kanta. Yakan ɗauki hoton bango ko na takarda sau ashirin, ya zuƙo shi a kwamfuta yana neman aibi, amma sai a yi wata guda bai ɗauki hoton da zai yi marmarin nuna wa wani ba.

Yadda kayan suka yi ta sauƙi

An bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Paris a shekarar 1839. A wancan lokaci aikin na masu haƙuri ne da masu hali: akwati mai nauyi, faranti na ƙarfe, magunguna masu haɗari, ga wanda ake ɗauka dole ya ƙame kamar gunki har a gama. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak wadda ake sayarwa da fim na hoto 100 a cikinta, idan ya ƙare a mayar wa kamfani ya wanke. A 1900 aka fito da Brownie a kan dala ɗaya, a 1925 kuma Leica ta Jamus ta shigo kasuwa da ɗan ƙaramin fim mai faɗin milimita 35. A 1975 wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko, mai nauyin fiye da kilo uku da rabi, wadda take ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda baƙi da fari a kan kaset.

A Najeriya kuwa, tun kafin ƙarni na 20 ya kama Jonathan Adagogo Green na Bonny yana sana'ar, shi ne ma ya ɗauki sanannen hoton nan na Oba Ovonramwen na Benin a 1897. A Arewa, da yawa daga masu shagunan hoto na farko 'yan kudu ne mazauna unguwannin Sabon Gari, daga baya 'yan ƙasa suka koya a hannunsu suka buɗe nasu. Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan wayar hannu a garuruwa irin su Azare ko Misau ko Dagauda zai iya tuna mai hoto a kan keke ko babur ranar Sallah, kyamara a rataye a wuya, yara da sababbin kaya suna bin sa. Fim ɗinsa hoto 24 ko 36 yake ci, kowace ɗauka kuɗi ce, kuma ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an kai wanki an dawo, wani lokaci bayan kwanaki. Wannan tsada ta koya wa masu hoton wancan zamani tsayawa su duba da kyau kafin su danna.

Abin da aka yi da ƙaramin kaya

Tarihin hoto a Afirka ta Yamma cike yake da mutanen da suka fara da kayan da ɗan koyo na yau zai raina. Seydou Keïta na Bamako ya fara da Kodak Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935, ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948. Yawancin aikinsa a tsakar gida yake yi da hasken rana, da zane mai ado a rataye a bayan mutum, kuma ɗauka ɗaya yakan yi wa mai hoto saboda tsadar kaya. A yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya yi ta bin matasa wuraren bukukuwansu da ƙaramar kyamara mai filasha, a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice. A Yamai an yi Philippe Koudjina, wanda ya bar wa Nijar taskar hotunan rayuwar babban birninta a shekarun 1960 da 1970. J. D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya sayi Brownie D a 1950 a kan fam biyu, daga 1968 kuma ya dage da ɗaukar kitson mata iri-iri har ya tara kusan hoto dubu, abin da ya zama madogara ga masu nazarin adon matan ƙasar nan.

Mafi kusa da gida ita ce Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda ta fara aikin da ta kira Bits of Borno a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai hayaƙi da gawa. Ta riƙa ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, tana rubuta ɗan labarin kowa a ƙarƙashin hotonsa. Abin da ya kai aikin nata jaridun duniya shi ne abin da ta zaɓa ta kalla da yadda mutane suka saki jiki da ita.

Wannan ba ya nufin waɗannan mutane sun yi sakaci da inganci. Hotunan Keïta garau suke, har zaren shadda ana iya ƙirgawa. Sun san kayansu ciki da waje, sun kai su iyakar abin da za su iya, daga nan suka mayar da hankali kan mutumin da ke tsaye a gabansu.

Lissafin megafiksel

Babu lambar da ta ruɗi masu sayen kyamara da waya kamar megafiksel. Hoton dijital ɗigo-ɗigo ne aka jera, kowane miliyan ɗaya na ɗigon shi ake kira megafiksel guda. Masu buga hoto sun saba da ɗigo 300 a kowane inci a matsayin inganci mai kyau ga abin da za a riƙe a hannu a duba. Da wannan ma'auni, hoton albam mai inci 4 da 6 yana bukatar ɗigo 1,200 sau 1,800, wato megafiksel biyu da 'yan kai. Mai inci 5 da 7 ya ɗan haura uku. Mai inci 8 da 10, irin wanda ake sa wa firam a rataya a falo, megafiksel 7.2 ya ishe shi. Babban allon talla na bakin titi kuwa, irin na 'yan siyasa da ke cika shataletale lokacin zaɓe, daga nesa ake kallon sa, don haka ɗigon da ake buga shi da su a kowane inci bai kai ko kusa da 300 ba.

Sai kuma a duba inda hotunan suke ƙarewa. Mafi yawan hoton biki da aka ɗauka a Azare ko Dagauda a WhatsApp da Facebook ake ganin sa, su kuwa waɗannan manhajoji matse hoto suke yi kafin su aika, sai dai in mutum ya zaɓi tura shi da cikakken girmansa. Instagram ta daɗe tana rage faɗin hoto zuwa ɗigo 1,080. Ke nan hoton kyamara mai megafiksel 45 da na mai 12, idan suka isa wayar ƙanwar amarya, da wuya ido ya raba su ta fuskar yawan ɗigo.

Wayoyin da aka rubuta wa 50 ko 108 a kwali su ma akwai bayani. Allon da ke karɓar haske a cikin waya, wanda ake kira sensa, bai kai farcen ɗan yatsa ba, alhali na babbar kyamara yana kai milimita 36 da 24. Idan aka cusa ɗigo miliyan 108 a ɗan wannan wuri, kowane ɗigo hasken da yake samu kaɗan ne. Shi ya sa wayar take haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, ta fitar da hoto mai megafiksel 12. Mai 50 kuma takan haɗa huɗu-huɗu ta ba da 12 da rabi. Mai sayar da waya a kasuwar Farm Centre ta Kano bai yi ƙarya ba idan ya karanto lambar kwali, sai dai lambar ba ta faɗi yadda fuskar mutum za ta fito a ɗaki bayan magariba ba.

Abin da gwaji ke aunawa da abin da ya bari

Akwai kamfanoni da mujallu da aikinsu ke nan gwada kyamarori, fitacce a cikinsu shi ne DxOMark na Faransa mai ba kyamarori da wayoyi maki. Aikinsu na ilimi ne, kuma yana da amfani. Suna auna kaifin gilashin gaba, wato lens, daga tsakiya zuwa gefe, da yawan yashi-yashin da ke bayyana a hoto idan haske ya yi ƙaranci, da tazarar da kyamara ke iya riƙewa tsakanin wuri mafi duhu da mafi haske. Ana yin wannan a ɗaki mai sanyi, da fitilu masu daidaitaccen haske, kyamara a kafe a kan ƙafafunta, abin ɗauka kuma takarda ce mai zane wadda ba ta motsi, ba ta ƙifta ido, ba ta jin kunya.

Kowane ma'auni kuma akwai wanda aka yi shi dominsa. Tun daga shekarun 1950 gidajen wankin hoto suna daidaita launi da wani kati na Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Shekaru da dama launin fatar Bature ne mizani, baƙar fata kuwa ta fito yadda ta fito. Sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Kamfanin Transsion mai yin Tecno da Infinix da Itel ya samu karɓuwa a Afirka, cikin dalilai har da gyara kyamarar wayoyinsa don ta fito da fuskar baƙin mutum da kyau. Wannan darasi ne ga mai hoto na ƙasar Katagum: makin da aka bayar a Paris ba lallai ya amsa tambayar da ke gabansa ba.

Tambayar da ke gabansa ita ce dattijo baƙi cikin farar babbar riga da farin rawani, a filin Idi, rana ta take. Kyamara idan aka bar ta da ra'ayinta, farin kayan zai rinjaye ta, ta rage haske, fuskar ta dushe ta koma inuwa. Idan aka ƙara haske don fuska, aikin rigar ya ɓace, ta zama fari fat babu aska babu zare. Maganin wannan a hannun mai ɗauka yake: ya ja dattijon zuwa inuwar darbejiya ko bakin zaure, ko ya juya shi rana ta koma bayansa ya cike fuskar da ɗan filasha, ko ya sa yaro ya riƙe farin kwali ya maido da haske. Wanda ya san wannan zai fito da hoto mai kyau da kyamarar da ta shekara goma sha biyar. Wanda bai sani ba, ko ta miliyan nawa ya riƙe, fuskar dattijon a duhu za ta fito.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa gwajin. Littafin da ke zuwa da yawancin kyamarori yana cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 0 zuwa 40, a Azare da kewaye kuwa zafin Afrilu da Mayu yakan wuce 40. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma duk sanda aka cire lens a fili an buɗe mata ƙofa zuwa kan sensa. Da damina laima kan sa gilashi ya yi fumfuna idan an kulle shi a jaka. Ga matsalar wuta, wadda ta sa batir na biyu da na uku suka fi wa mai hoton ƙauye amfani a kan ƙarin megafiksel goma. A irin wannan wuri kyamarar kirki ita ce mai jure wahala, mai riƙe caji, wadda ake samun batirinta da mai gyaranta a Kano.

Inda gwaji ya zama dole

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma akwai wuraren da barin gwaji ganganci ne. Na farko shi ne wajen sayen kyamara ta hannu, wadda ita ce yawancin masu hoto a wannan yanki suke iya saya, daga Kano ko Legas ko hannun abokin sana'a. Murfin da ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka, wato shota, yana da adadin da aka ƙiyasta masa: kusan dubu 100 a ƙananan kyamarori, dubu 300 ko fiye a manya. Ana iya duba yawan abin da ta riga ta ɗauka kafin a biya. Ana haska tocila a cikin lens a ga ko akwai fumfuna ko ƙarzuwa. Ana tsuke ƙofar haske a ɗauki sararin sama ko farin bango, duk dattin da ke kan sensa zai bayyana. Ana gwada ko tana kama abin da aka saita ta a kai, ko kuwa kaifin yana sauka a gaba ko a baya. Katin ajiya ma abin dubawa ne, domin jabunsa ya yi yawa a kasuwa, yakan nuna girman da ba shi da shi, ya cinye hotunan mutane.

Na biyu shi ne daren da za a wayi gari da aikin kuɗi. Ɗaurin aure sau ɗaya ake yi, haka saukar karatu, haka naɗin sarauta. Mai hoton da ya karɓi kuɗin mutane amana ya ɗauka, wajibi ne ya tabbatar batir cike yake, kati ba komai a ciki, filasha tana tashi. Duk wannan aikin awa ɗaya ne ko biyu, yana da farko yana da ƙarshe.

Haka kuma akwai hoton da sai da kayan da suka dace. A 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya ya nuna cewa doki a sukuwa akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suke sama, abin da ido bai iya tabbatarwa ba. Ba don an inganta saurin shota ba da hakan bai yiwu ba. Wanda ke son tsayar da mahayi cak a lokacin jahi yana bukatar saurin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, da lens mai jawo nesa. Mai ɗaukar tsuntsaye a dausayin Hadeja da Nguru ya fi shi bukatar dogon lens. Bukata ce aikin ya kawo, mai ita kuma ya san abin da ya rasa da dalilin da ya sa yake nema.

Abin da shagalar ke ci

Bambancin ya fito ne idan gwajin ya daina ƙarewa. Mutum ya sayi kyamara, bai gama sanin maɓallanta ba, ya ga an fito da wata, sai tasa ta fita daga ransa. Kamfanoni ma suna da dalilin hura wannan wuta. A 2010 masana'antun Japan sun fitar da kyamarar dijital kusan miliyan 121, bayan shekara goma adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 10, saboda waya ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori. Abin da ya rage musu shi ne su sayar da mai tsada ga wanda ya riga yana da wata. Da yawa daga masu bayanin kaya a YouTube kuma da yawan masu kallo da ladan talla suke samun kuɗi, sabon kaya kuwa shi ke kawo masu kallo.

A Najeriya abin ya fi ciwo, tunda duk kayan nan da dala ake shigo da su. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, cikin 2024 ta haura 1,500. Matashin da ke ɗaukar hoton ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare ko jami'ar jiha da ke Gadau, idan ya ci bashi don ya sauya kyamarar da ke aiki lafiya, kuɗin da yake karɓa a kan hoto ɗaya ba zai ƙaru ba, domin ɗalibin da ke sanye da rigar kammala karatu bai tambayi lambar kyamara ba. Abin da yake so shi ne ya fito da kyau, a ba shi a kan lokaci.

Asarar da ta fi ta kuɗi ita ce ta jin daɗi. Wanda ya saba zuƙo hoto har ɗigo ya fito, idonsa yakan koyi ganin aibi kafin ya ga mutum. Sai ya goge hoton kakarsa tana dariya don gefen mayafinta ya ɗan yi dishi-dishi. Alhali hotuna goma sha ɗaya da Robert Capa ya ɗauka ranar da sojojin ƙawance suka sauka gaɓar Normandy a 1944 da yawansu a girgize suke, kuma har yau da su ake tuna ranar. Akwai kuma wanda shagalar ke hana shi farawa gaba ɗaya, yana jiran ranar da zai mallaki kayan da ya gani a bidiyo, waya mai kyau kuwa tana aljihunsa.

Abin da ke gaban mai hoto a ƙasar Katagum

Haske shi ne jarin farko, kuma kyauta ne. Daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar sakaliya, hasken yana zuwa a kwance, yana fito da zanen bangon ƙasa da ƙurar da garken shanu ya tayar. Hazon hunturu, wanda masu hoto ke kuka da shi saboda datti, yana tausasa rana ya ba fuska haske mai laushi irin wanda ake kashe kuɗi a situdiyo don a kwaikwaya. Bakin zaure da rana tsaka wuri ne da ba a rasa hoto mai kyau: haske ta ƙofa, duhu a baya.

Jari na biyu sanin wuri ne. An mayar da hedikwatar masarautar Katagum zuwa Azare a 1916, hawan Sallah kuma yana cikin manyan abubuwan da garin ke taruwa dominsu. Hawan Kano ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a watan Disambar 2024. Baƙon da ya zo da kaya na miliyoyi bai san ta inda ayarin zai ɓullo ba, bai san wane hakimi ke bin wane ba, bai san lokacin da 'yan bindiga za su saki wuta dawakai su zabura ba. Ɗan gari ya sani. Ya san kuma cewa rabin labarin a bayan fage yake: inda ake ɗaura wa doki kaya da asuba, mai algaita yana gyara bakin algaitarsa, yaron da aka naɗa wa rawani karo na farko yana ƙoƙarin kada ya zame.

A Dagauda da ƙauyukan da ke kewaye da ita abin ɗauka bai jira Sallah ba. Akwai ranar kasuwa da awon hatsi, akwai girbin gero da ɗaurin dami, da sussuka, da kakkaɓar riɗi, da maƙeri a bakin zuga-zugi, da makarantar allo da dare a gefen wuta. Da yawa daga cikin waɗannan suna sauya kama a idon mutanen da ke raye yanzu. Rumbun ƙasa yana ba buhu wuri, bulo da kwano suna maye gurbin soro da jinka, injin casa ya rage aikin turmi. Abin da aka saba gani kullum shi ne ba a damu a ɗauka ba, shi ne kuma ake nema a rasa bayan shekara talatin.

Jari na uku shi ne mutunci. A ƙasar Hausa ba a ɗaga wa mutum kyamara haka kawai. Ana sallama, a gaisa, a faɗi abin da ake so da inda hoton zai je. Akwai masu ƙin hoto saboda fahimtarsu ta addini, akwai gidajen da ba a ɗaukar matansu, akwai wanda bai son a gan shi cikin kayan aiki; duk wanda ya ce a'a an bar shi ke nan. Almajiri da mai bara da majinyaci suna da haƙƙi irin na mai rawani, kuma watsa hoton mutum cikin halin rauni don neman yabo a intanet zalunci ne. Mai hoton da ya koma ya kai wa mutum kwafin hotonsa ya buɗe wa kansa ƙofar da dogon lens ba zai buɗe ba. A nan ƙaramar kyamara ko waya takan fi babba amfani, domin ba ta tsorata mutane.

Bayan an ɗauka

Akwai wani ɓangare na inganci da masu gwajin kaya ba su cika magana a kai ba, wato ko hoton zai rayu. Hoton baƙi da fari da aka wanke a shekarun 1960 yana nan a akwatunan gidaje da dama, ana fito da shi a nuna wa jikoki. Hotunan da aka ɗauka da waya shekara biyar da suka wuce kuwa, da yawansu sun tafi tare da wayar da aka sace, ko ta faɗa ruwa, ko aka yi mata filashin a wurin mai gyara. Shagunan hoto da dama da suka rufe bayan zuwan dijital, ba a adana fina-finan da suka tara ba, tarihin gari guda ya bi shara.

Kariyar ba ta da tsada. A ajiye kowane hoto mai muhimmanci a wuri biyu aƙalla, ɗaya a kwamfuta ko katin ajiya, ɗaya a ma'ajiyar intanet. A zaɓi kaɗan a kai a buga a takarda. A rubuta a bayan kowanne sunan wanda ke ciki da wurin da shekarar, domin hoton da ba a san ko wane ne ba rabin amfaninsa ya tafi. Iyalan da ke da tsofaffin hotuna a Dagauda da Azare da sauran garuruwan yankin su fito da su tun dattawan da za su iya gane fuskokin suna raye, a sake ɗaukar kowanne da waya a inuwa mai haske, a rubuta sunayen.